Goron Dutse Na Ɗari

Bakin bindiga na kan ƙeyarsa, rediyon na ta kiran lambarsa, shi kuwa ba halin ya miƙa hannu ya amsa. Tsaya in ɗan koma baya ka gane. Mutumin nan tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Tun da ya aje aiki ba abin da ke ransa sai hawa duwatsu da 'yar rediyonsa irin mai aika magana, shi da abokinsa wani tela. Su kafa gora, su ɗaura wayar eriya a kai, su jona batir, su yi ta gaisawa da masu irin sha'awarsu a garuruwa masu nisa, sannan su rubuta sunan dutsen a littafi. Casa'in da tara suka hau, kuma ba su taɓa hawa ba sai sun fara tsayawa ƙofar mai gari da ƙullin goro, sun faɗi abin da ya kawo su, an haɗa su da ɗan rakiya. Ranar na ɗari, abokai ko'ina sun yi alkawarin ƙarfe sha biyu kowa zai zauna gaban rediyonsa a yi musu barka. Sai tayar motarsu ta yi faci a hanya. Ko da suka iso, saura rabin awa. Tela ya ce, "Yaya, goron fa?" Ya ce, "Bar shi a aljihu, ma gaisa in mun sauko. Ka san gaisuwar ƙauye, sai an tambayi lafiyar kaji." Suka zaga ta bayan gari suka haye.

Abin da bai sani ba, sati biyu kafin nan ɓarayi sun shigo garin sun kore shanu sun kashe mutum biyu, kuma a kan wannan dutsen mai yi musu leƙen asiri ya zauna da oba-obarsa, 'yar rediyon da yake magana da su. Wata mata mai itace ta hango gora a tsaye da baƙi biyu, ta yar da itacen ta ruga gida. Mutum na uku na cikin yi masa barka ta rediyo sai ya ji sanyin ƙarfe a ƙeya. 'Yan sa-kai ne, sun fi ashirin. Ya ce a duba jakarsa, akwai lasisin gwamnati har da hoto da hatimi. Babbansu, wanda ƙaninsa na cikin waɗanda aka kashe, ko kallon takardar bai yi ba. "Baba, takarda ba ta da baki. Wa ya san ka a garin nan? Kira mana mutum ɗaya." Ga abokai har a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suna kiransa ta cikin akwati, amma a gindin dutsen nan ko akuya ba ta san shi ba. Da wayar eriyarsu aka ɗaure su, aka gangaro da su ƙofar mai garin da suka tsallake, samari na biye da duwatsu a hannu. Can ya tuna da sarkin bakan ƙauyen gaba, wanda ya raka su wani dutse bara, ya faɗa wa mai gari. Mai gari ya tura babur, ya ce yana iya riƙe mutane zuwa la'asar, bayan nan sai abin da Allah ya yi. Suna zaune a rana suna kallon inuwa tana tsawo. Ladan na gyaran murya babur ya dawo, tsohon maharbin ya sauko ya leƙa fuskarsu. "A'a, masu gora ne! Waɗannan ko kaza ba sa iya kamawa. Bara ni na ɗauko wa wannan batirinsa, yana haki kamar tsohuwar jaka."

Da ake kwance su ƙullin goron nan ya faɗo daga aljihun tela. Mai gari ya ce na wa ne. Tsohon ma'aikacin ya sunkuyar da kai ya ce, "Naka ne, ranka ya daɗe." Mai gari ya juya shi a hannu ya ce, "To, ya zo, amma ya makara." Gaisuwar da ya ƙi ba minti goma ta cinye masa wuni, saura ƙiris ta haɗa da ransa, shafin na ɗari kuma ya koma gida fari fat. Shi ya sa Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Kai fa, inda kake shirin hawa yanzu, wa ya san ka a gindin dutsen?