Bencin Dattawa

Ɗan'uwa, tunda ka ce mini maganar shirin mutuwa sai gemu ya yi fari, gyara zama in ba ka misali.

A wata majami'ar ƙauye akwai dogon benci a gaba, na dattawa maza. Ba wanda ya kafa doka, amma al'ada ta zauna: wanda ya fi kowa tsufa shi ke zama a jikin bango don ya sami majingina, mai bi masa yana kusa da shi, haka har ƙarshen bencin. In na bango ya rasu, Lahadi mai zuwa sai kowa ya ɗan matsa. To, a tsakiyar bencin nan akwai wani manomi mai lissafin tsiya. Ya ga na bango ya tafi, an matsa. Wanda ya gaji wurin shi ma ya tafi, an sake matsawa. Sai ya ce a ransa, ashe mutuwa ma ta san girma, layi take bi. Kuma yana da dalilin so hakan ya zama gaskiya. Shekarun baya sun yi rigima da ƙanensa a kan wata ɗorawa da ke iyakar gonakinsu na gado, zuciya ta ɗebe shi, a gaban jama'a ya ce wa ƙanen nan shi ba jinin ubansu ba ne. Ƙarya ce, ya sani, ya kuma san shi ne da laifi. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su. Duk ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da masu bi ke cin gurasar tarayya, in an miƙo masa faranti, sai ya sunkuyar da kai ya bari ya wuce, don ya san ba a zuwa teburin nan da irin wannan kaya a zuciya. Fasto ya yi magana, matarsa ta yi har bakinta ya gaji. Shi kuwa wai ba ƙi ya yi ba. Har kalmomin neman gafarar ya tsara, yana bitarsu in yana noma. Amma ina aka taɓa ganin babban wa durƙushe gaban ƙane? Sai ya yanke cewa ranar da kafaɗarsa ta taɓa bango, a ranar zai je. Akwai tsofaffi uku kafin shi, gaggawar me?

Sai lissafi ya fara rikicewa. Wata matashiya cikin mawaƙa, mai jini a jika, ta kwanta zazzaɓi, kafin a ce kwabo an binne ta. Ya ce ai wannan ɓangaren mata ne, nasu tsarin daban. Ba a jima ba maciji ya sari na hagunsa, mutumin da shi manomin ya girme shi nesa ba kusa ba, ya mutu. Ranar Lahadi ya zauna yana kallon gurbin, ya rasa abin yi. A matsa ne, ko kada a matsa? In za a matsa, ta ina? Ga tsohon bango kuwa, wanda aka taru aka yi wa addu'ar sallama har sau biyu, yana nan daram, ba haƙori ko ɗaya amma yana tashi da malmalar tuwo. Kai, abin ya ɗaure wa manomin nan kai! Ko dai mutuwar ta juya ta faro daga wancan gefen ne? Ya ƙirga ta dama, ya ƙirga ta hagu, kowace ƙirga da amsarta. Wa'azi ma ya daina shiga kunnensa, sai kallon kafaɗun mutane. Tsoro ya kama shi sosai, amma maimakon ya tashi ya taka zuwa bencin baya inda ƙanensa ke zama, sai ya ce bari dai a gama girbi hankali ya kwanta.

Dawa na tsaye ba a yanke ba aka tsince shi kwance a gona, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Aka ɗauko shi gida. Da labari ya iske ƙanen, ya yar da lauje ya taho a guje, ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Yaya, ga ni." Manomin yana ji, yana gani, hankalinsa garau, kalmomin nan da ya daɗe yana bita duk suna jere a ƙirjinsa. Ya buɗe baki, sai gurnani da yawu. Ya sake yunƙurawa, ya ɗaga hannun da ya rage mai motsi ya nuna ƙanen, ido jajir. Mutanen ɗakin suka dubi juna. Wata ta ce gafara yake nema. Wani ya ce a'a, korarsa yake yi, ku fitar da shi kada ku ƙara masa ciwo. Yana kallo aka kama hannun ƙanensa aka fita da shi. Kafin rana ta faɗi rai ya yi halinsa.

Ni ba alƙali ba ne. Abin da ke tsakaninsa da Almasihu ban sani ba, shi Mai jinƙai ne, kuma yana jin abin da baki ya kasa faɗa. Amma abin yana cin raina. Ƙanen nan har yau in ya biyo ta kabarin sai ya tsaya, bai sani ba ko gafararsa aka nema, ko zagi aka ƙara masa. Maganar da ba ta fi numfashi guda ba, ga shi mutumin ya yi shekara da shekaru da bakinsa lafiya lau. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.