Layin da Ya Kwanta

"A ƙara nuna masa," na ce wa likita.

Yayana ya ja tsaki. Tun da Baba ya yi hatsarin mota bai furta ko kalma ɗaya ba, sai ido. Yaya ya riga ya yanke hukunci a mayar da shi gida, wai gangar jiki ce kawai ta rage. Na ce sai dai a fitar da mu tare.

Likita ta gyara hular wayoyin da ke kan Baba, ta sake jero hotuna a allo. Baƙuwar fuska ta fito, layin na'urar da ke auna motsin ƙwaƙwalwarsa ya yi tsalle. Wata ta biyo, ya sake tsalle. Da hotona ya zo, sai layin ya ɗan motsa, ya kwanta.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. "Ke ma bai san ki ba."

Likita ta girgiza kai. "Baƙo ake miƙewa a tarba, malam. Ƙwaƙwalwa ba ta wahala a kan fuskar da ta gani sau dubu."

Na jawo kujera jikin gadon, na kama hannunsa.

"Baba, yau da sunana za mu fara koyon magana."