Tsayuwar Kakan Jikan Sarkin Ruwa

Mutum huɗu ne suka sauko da zanen daga bangon falo, mai gidan kuma yana tsaye a bayansu yana zuba musu gargaɗi, hannuwansa a goye a baya, haɓa a sama.

Ba haka Allah ya yi masa tsayuwa ba. A jikin zanen ya koya.

Zanen fentin mai ne, faɗinsa ya kai ƙofa biyu, na wani yaƙin ruwa da aka gwabza shekara ɗari biyu da suka wuce. Jirage masu filafilai na ci da wuta, igwa na aman hayaƙi, mutane na nutso. A tsakiya ga jirgin da ya yi nasara, a kansa kuma ga wani mutum tsaye bisa ganga, ya fi kowa tsawo, hannu a baya, haɓa a sama, mayaƙa sun kewaye shi kowa ya ɗaga kai yana kallonsa. Shekaru da ƙura sun baƙanta saman zanen, daga kafaɗar mutumin zuwa sama sai duhu-duhu.

Wannan mutumin kakan kakansa ne. Sunansa yana rubuce a bayan katakon zanen, babu mai musu. Daga nan ya samo laƙabin Jikan Sarkin Ruwa, ya sa aka buga shi a jikin motocin kamfaninsa da kalandar da yake rabawa, alhali shi ko kwalekwale bai taɓa hawa ba, wai kansa na juyawa.

Duk baƙon da ya shiga gidan sai ya sha tarihi kafin ya sha ruwa. "Ku duba, ko takobi bai riƙe ba. Namiji ba ya buƙatar makami."

Yayarsa ce kaɗai ba ta tafa masa. Ta sha tuna masa cewa mahaifinsu a ɗakin shirgi ya ajiye abin, fuskarsa na kallon bango, har ya koma ga Allah.

"Yaya, Baba bai san darajar kayan tarihi ba," in ji shi. "Jaki aka ba kayan zinariya."

Tun daga ranar ta bar shi da zanensa.

Da ya fara neman shugabancin hukumar tashar jiragen ruwa, sai dabara ta faɗo masa. Zai ba gidan tarihi zanen kyauta, a sa wa zauren sunan gidansu, a kira 'yan jarida. Wa zai hana jinin teku kujerar teku?

Gidan tarihin suka ce sai an wanke zanen tukuna. Suka danƙa shi ga wata mai gyaran tsofaffin zane, mace marar surutu, mai tabarau da farar riga duk ɗigon fenti. Wata uku ta yi a kansa da auduga da ɗan tsinke, tana cire dauɗar kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Shi kuwa 'yar fenti yake kiranta.

A sati na shida ta buga masa waya. "Ranka ya daɗe, da ka zo ka gani da idonka kafin ranar biki."

"Ya lalace ne?"

"A'a. Ya fito ne sosai."

"To me zan zo yi? Aikinki goge-goge, tarihi kuma namu ne."

Ta aika masa da rahoto shafi huɗu. Ya ɗora kofin shayi a kai. Ta sake kira, ya ce a gaya mata yana taro. Shugaban gidan tarihin ma ya nemi ganinsa a keɓe, ya aika masa cewa in ƙarin gudummawa ake so a bari sai bayan biki. Sharaɗinsa ɗaya ne: a rufe zanen da ƙyalle, shi zai yaye da hannunsa a gaban kyamara.

Ranar ta zo, zaure ya cika maƙil. Masu zaɓen shugaban hukumar suna layin gaba. Ya yi jawabin minti arba'in a kan jini da asali, ya ce ɗan kada ba a koya masa iyo, ya ce wasu 'yan takara ko sunan kakansu ba su sani ba. Aka yi dariya, abokin takararsa ya sunkuyar da kai.

Ya fizge ƙyallen, ya juya wa zanen baya tun bai kalla ba, ya gyara tsayuwa don masu hoto.

Tafin da aka fara ya mutu a hanya. Wani ya yi tari. Kyamarori kuwa sai walƙiya suke, har sun fi yadda ya zata. Ya ƙara faɗaɗa murmushi.

A bayansa duhun ya yaye tas, launi ya fito kamar jiya aka shafa. Ga igiya ta sauko daga sandar filafili ta zarge wuyan mutumin da ke kan gangar, a ƙasa kuma rubutun mai zanen ya fito raɗau: "Rataye maci amanar da ya nuna wa abokan gaba hanyar shiga tasha."