Rogon Kurmi

Ina neman afuwar mai karatu bisa raunin hannuna, domin sai da furfura ta fito mini sannan na kama alƙalami. Tsoro ne ya sa na daure na rubuta wannan. Na ga "ina" a rubuce a ƙasar Yarabawa, na ɗauka tambayar wuri ce irin tamu, ashe a harshensu wuta ke nan. Da na kai wa malaminmu damuwata, sai ya ba ni misali.

Ya ce wani manomi ne ya yi ƙaura zuwa kurmi da ƙaramar 'yarsa. Ya tarar da rogo a can, ganye irin na gida, saiwa irin ta gida. Amma matan garin ba sa dafa shi kai tsaye. Sai sun jiƙa shi kwana da kwanaki, sun gurza, sun matse, sannan su soya. Ya yi musu dariya a ransa, domin a gonar ubansa ko ɗanye yakan ɓare ya ci. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta gan shi yana fere rogo a bakin murhu, ta ce, "Malam, wannan ba na garinku ba ne, sai ya kwana a ruwa." Ya ce, "Haba Iya, ni za a koya wa rogo? A kan kunyarsa aka yanke mini cibi." Ya dafa, ya zuba wa yarinyar, ya tsiyaye ruwan a kasko, akuyarsa ta sha.

Bai kai ga nasa rabon ba sai ya ga akuyar tana tangaɗi, ta faɗi tana shure-shure, kumfa a baki. Ya waiwaya, ga 'yarsa tana lashe yatsu, akushi wayam. Ta ce, "Baba, kaina yana juyawa." Ya sungume ta a guje, yana ƙwala wa tsohuwar nan kira. Ita ta ɗura mata manja, ita ta nemo mai babur zuwa asibiti. Da ƙyar yarinyar ta tashi. Akuya kuwa ko wuƙa ba ta jira ba.

Malaminmu ya dube ni ya ce, "Kai ma kada ka haɗiye kalma don ta yi kama da ta gida, sai ka tambayi masu ita. Hausawa sun ce, kama da wane ba ta wane."

Duk inda na kuskure, ina roƙon wanda ya fi ni sani ya gyara, kada wani ya dogara da shi ya cutu.