Gidan Sauron Ummi

Maigandi masunci ne a wani ƙauye da ke gefen fadamar Argungu. Duk wanda ya taɓa shiga jirgi ɗaya da shi ya san bakinsa ya fi tarunsa faɗi. Matarsa Hanifa ce ke yin banda, Omolola mai rumfar kifi a Birnin Kebbi ta zo ta kwashe. 'Yarsu ɗaya tal, Ummi, shekararta huɗu.

Tafkin garin yana da doka tun kakanni. Idan ruwan damina ya cika, kifi ya yi ƙwai, Sarkin Ruwa Tamba yakan hana kamun kifi sai bayan yankan shinkafa. Ko an buɗe, tarun da idonsa bai ci yatsa uku ba ba ya shiga ruwa. Giwan ruwan da bai kai kamu guda ba kuwa, a mai da shi ya girma.

Maigandi ya ce wannan dokar tsofaffi ce da hannunsu ya gaji da jan taru. A teburin mai shayi ya faɗa, kuma kun san garinmu, kafin shayin ya huce magana ta isa kunnen Tamba.

Da Maigandi ya ji masu haɗa abincin kaji suna sayen busassun 'ya'yan kifi buhu-buhu, sai ya kwance gidan sauron gadonsu, ya kwance na Ummi, ya ɗinke su wuri ɗaya ya yi taru.

Hanifa ta tare ƙofa. "Malam, wanga na ɗiyarka ne. Ka san sauron hwadama."

Ya ce kwana biyu ne kawai, ya bi ta gefenta ya wuce.

Kwana biyun ya zama mako uku. Kullum yana can bayan ciyawa yana kwaso 'ya'yan giwan ruwa kamar ɗan yatsa, Hanifa na shanyawa a bayan ɗaki don kada maƙwabta su gani. Sun gani mana, ai ƙarni ba ya jin katanga. Omolola ma da ta leƙa kwando sai ta rufe, ta ce ita ba ta sayen jarirai, in an cinye su bana me za ta saya baɗi?

Wata rana da hantsi Tamba ya riske shi tsamo-tsamo cikin ruwa. Bai yi faɗa ba. Ya gwada tsinke a idon tarun, da kyar ya wuce. Ya naɗe tarun ya riƙe, ya ce in Maigandi na so ya zo gida ya ba jama'a haƙuri ya karɓa.

Hanifa ta roƙe shi safe da yamma ya je. Ya ce shi ba ya durƙusa wa kowa a kan tsumma. Haka Ummi ta ci gaba da kwana a fili, uwar na yi mata fifita har hannu ya gaji.

Zazzaɓi ya kama Ummi ranar wata Talata. Aka jiƙa saiwa, aka sayo ƙwaya a kemis. Ranar Alhamis ta fara sanƙarewa. A Argungu aka ce ba jini a jikinta, a wuce Birnin Kebbi. Motar ba ta gama fita Ambursa ba Hanifa ta ji jikin ya saki a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mata ɗankwali, ta ce wa direba ya juya.

Ranar uku Tamba ya zo ta'aziyya da ƙunshi a hammata. Bayan addu'a ya ajiye a gaban Maigandi.

"Na sa an wanke shi sau uku, ƙarnin bai hita ba. Kullum ina zaune ina jiran ka taho."

Maigandi ya dubi gidan sauron, da ɗinkin hannunsa a tsakiya. Ya ce, "Na gode." Masu lissafin maganar mutane sun ce tun daga ranar ba a sake jin muryarsa a teburin mai shayi ba.

Da aka buɗe tafki bayan girbi, gefen da ya yi wa shara bai ba kowa giwan ruwa ko ɗaya ba. Shi dai yana zuwa, ya zauna a jirgi, ya dawo da taru a bushe.

Jama'a, dokar ruwa ba ƙiyayya ba ce, don cikinku da na 'ya'yanku aka kafa ta. Ku bar ɗan kifi ya girma, ku bar gidan sauro a kan gadon yaro.