Muryar Inna Ta Kamu

Tun da aka fara adana muryoyin mamata a na'urar gida, Yalwa ba ta taɓa tsallake ranar rigakafi ba. Ma'aikata su zo, su toshe kafofin manhajar, su shafa shuɗi a ƙofa. Shi ya sa muryar marigayiya Inna a gidanta lafiya lau take: ta gaishe ta, ta sa mata albarka, ta yi shiru.

Ƙanwarta Tasalla kuwa sakaci ya yi mata yawa, har ƙwayar cutar da ke yawo a gari ta shiga tata na'urar. Yalwa ta je yi mata faɗa, amma tun daga zaure ta jiyo Inna tana dariya.

"Auta, kin ci abinci? Wa ke zuwa wajenki yanzu? Ina kike ajiye makullin gida?"

"Ke, ɓarayi ne fa ke tatsar ki da bakin Inna!" in ji Yalwa.

"Na sani, Yaya," Tasalla ta ce, tana share hawaye. "Amma ji yadda take tambayata."

Yalwa ta juya ta fita. Ita da ta yi jinyar Inna har ƙarshe, ita za ta ƙare da busasshiyar gaisuwa?

Tana komawa gida ta kankare shuɗin, ta kashe kariyar na'urar, ta zauna jira. Da la'asar sai ta ji gyaran murya irin na Inna.

"Yalwa?"

"Na'am, Inna!"

"Ina ƙanwarki?"