Dokin Ƙofar Na'Allah

Na'Allah yakan ce daga kan ganuwar Sabon Birni yana iya ƙirga haƙoran dokin da ke shan ruwa a Isa. Tsoho ne tukuf, amma tun da aka ba shi tsaron ƙofar kudu ba wanda ya ja da shi. Mutum na tari daga nesa zai ambaci sunansa, ya haɗa da na ubansa.

A damanar da ake raɗe-raɗin mahayan Isa za su kawo hari, sai gidansa ya fara sauyawa. Ya dawo da azahar, ƙafarsa ta nemi dokin ƙofar ɗakinsa ta rasa, an sassaƙe shi ya koma daidai da ƙasa. Washegari ramin bakin rumbu ya cike. Turmi ya bar tsakar gida. Can kuma ga igiya an ja jikin bango, daga ɗaki har makewayi.

Matarsa Habi ta ce ita ba ta ga kowa ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Na'Allah ya san yaƙi. Wa zai share hanya a gidan mai tsaron ƙofa, in ba wanda ke shirin shiga da gudu ya fita da gudu ba? Ya kai magana gaban Sarkin Yaƙi. Da aka nemi shaida, bakin nan da ya saba ya riga shi: ai da idonsa ya ga mutumin yana haura katanga, fuska sumul, ba tsagar Gobir ko ɗaya.

A unguwar kaf, mai irin wannan fuska ɗaya ne: Kalilu baduku, wanda ya gudo daga Isa bara da iyalinsa.

Aka kawo shi ɗaure bakin ƙofa. Hukuncin ɗan leƙen asiri ba wanda bai sani ba. Mai takobi ya naɗe hannun riga, ya tsaya kusa da shi. 'Ya'yan Kalilu na bayan taro, an toshe musu baki.

"Tsoho, ran mutum na za a ɗauka," in ji Sarkin Yaƙi. "Duba da kyau. In shi na, nuna shi."

Na'Allah ya miƙe a hankali. Janye magana yanzu, janye shi daga ƙofa ne. Ya gyara rawani, ya ɗaga sanda.

"Ga shi nan, munahuki! Ko cikin dubu za ni gane wagga huska."

Jama'a suka bi kan sandar da kallo.

Daga cikin mata muryar Habi ta fito.

"Malam, sauke sandar nan. Mai takobi kaka nunawa, ga tsagarsa har kunne. Ni na sassaƙe dokin ƙohwar, na ja igiyar, don na gaji da ɗaga ka daga ƙasa tun kakar bara da idonka ya mutu."